Iyakar Ikon Dila Wajen Miƙa wa Wani Tambarin Kamfani: Nazari a kan Gidajen Mai na Birnin Kudu da Gwaram

Tsakure

Wannan maƙala ta duba ko dilan da kamfani ya ba izinin kasuwanci da tambarinsa yana da ikon miƙa wa wani wannan izini. An nazarci nassin dokar Nijeriya, aka auna shi da fiƙihun Malikiyya. Sakamakon ya nuna izinin na dila ne shi kaɗai, ba ya bin ginin da ya bayar haya.

Gabatarwa

A bakin titin da ya taso daga Kano ta Wudil ya ratsa Birnin Kudu, da kuma hanyar Gwaram da kasuwar Sara, direba allo yake dubawa kafin ya shiga gidan mai. Fentin rumfa, sunan da ke jikin famfo, rigar yaron da ke zuba mai, su ne ke gaya masa lita za ta cika, man kuma ba gauraye ba ne. To, idan jari ya karye wa dila ya ba wani hayar wurin, allon bai sauka ba, wa ke da alhakin abin da ke cikin tanki?

Matsayin Doka

Nijeriya ta dogara ne da yarjejeniyar da ke tsakanin kamfani da dila da Dokar Tambarin Kasuwanci ta 1965, wadda aka gina a kan dokar Ingila ta 1938. Sashe na 33 da na 34 sun yarda a yi wa wani rajista a matsayin mai amfani da tambari, amma dokar ta hana masa sayar da wannan haƙƙi ko gadar da shi. Har ta umarci magatakarda ya ƙi rajistar da za ta mai da tambari hajar cinikayya. Ingila ta sassauta a dokarta ta 1994, inda ta halatta miƙa izinin idan yarjejeniya ta ambata. A Nijeriya kuwa, idan mai tambarin baƙo ne, sai an yi wa yarjejeniyar rajista a hukumar NOTAP, wadda aka kafa a 1979.

Tsakanin Haya da Wakilci

A ganin wannan nazari, tushen ruɗanin yana cikin yadda ɗan kasuwa ke fahimtar abin da aka ba shi. Yana ɗaukarsa haya, kuma a mazhabar Malikiyya mai haya yana iya sa wani kamarsa a gidan da ya kama. Amma tambari ya fi kusa da babin wakilci. A Mukhtasar na Halil, an hana wakili wakilta wani, sai idan aikin bai dace da shi ba ko ya yi masa yawa. Dalilin a fili yake: mai abu ya zaɓi wannan mutum ne don amanarsa. Kamfani ma haka ya yi. Ya binciki dila, ya gindaya masa inda zai sari mai, ya riƙe ikon duba famfonsa. Wanda ya shigo ta bayan fage babu ko ɗaya daga cikin waɗannan a wuyansa, ga shi yana cin moriyar sunan.

Wanda ya fi cutuwa shi ne manomin rani da ya sayi mai a jarka don injin ban ruwa. Idan injin ya lalace, kamfani zai ce bai san mai wurin ba, shari'ar tambari kuwa sashe na 251 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya keɓe ta ga Babbar Kotun Tarayya, wadda sai an je Dutse a same ta. Saboda haka ya kamata a rubuta wa dila sharaɗin da Hausa, a fayyace cewa duk ranar da wurin ya canza hannu ba da rubutacciyar yardar kamfani ba, a ranar za a sauke allo.