Korona a Kano: shekarar da masu haƙa kabari suka riga gwamnati lissafi

Akwai lambobi biyu da nake so mu ajiye gefe da gefe. A littafin hukumar NCDC, mutanen da korona ta kashe a jihar Kano tun daga farkon annobar har lafawarta ba su kai 130 ba, daga cikin mutum dubu biyar da 'yan kai da gwaji ya tabbatar sun kamu. Lamba ta biyu kuma daga bakin ministan lafiya na lokacin, Dakta Osagie Ehanire, ta fito a watan Yunin 2020: mutum 979 ne suka rasu a ƙananan hukumomi takwas na cikin birnin Kano a 'yan makonni, kuma rabi zuwa kashi 60 cikin 100 na waɗannan mace-mace suna iya zama korona ce sanadi. Gwamnati ɗaya ce ta fitar da lambobin nan biyu. Yadda aka yi suka yi hannun riga haka shi ne tarihin korona a Kano, kuma ina ganin mun yi saurin mantawa da shi.

Bari mu bi abin daki-daki. A ƙarshen Fabrairun 2020 aka tabbatar da mutum na farko a Najeriya, wani ɗan Italiya da ya sauka Legas. A lokacin hankalin Kano ba a can yake ba. Ranar 9 ga Maris aka sauke Sarki Muhammadu Sanusi II, ranar da aka ba hammata iska a zauren majalisar dokokin jiha har ana kokawar sandar majalisa, mako guda bayan haka aka dakatar da 'yan majalisa biyar. Kwana biyu kacal bayan sauke sarkin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ayyana korona a matsayin annobar da ta game duniya. Ku tuna abin da muke muhawara a kai a nan Facebook a wancan makon. Ba tari ba ne, ba zazzaɓi ba ne.

Kafin Maris ya ƙare an rufe makarantu, an ce an rufe iyakokin jiha. Na ce "an ce" ne don duk wanda ya san hanyar Zariya ko ta Daura ya san yadda rufewar ta kasance. Ranar 11 ga Afrilu aka sanar da mutum na farko a Kano, wani dattijo da ya dawo daga tafiya. Daren 16 ga wata kullen mako guda ya fara aiki. Washegari labarin rasuwar Malam Abba Kyari ya zo, ya girgiza masu cewa cutar ƙarya ce, ya kuma ƙara wa masu cewa ciwon manya ne ƙarfin gwiwa.

To daga nan ne lissafi ya fara kwancewa. Wajen 21 ga Afrilu jaridar Daily Trust ta ruwaito cewa an binne mutum kusan 150 a cikin kwana uku a birnin Kano. Ba daga asibiti labarin ya fito ba, ba daga ma'aikatar lafiya ba. Daga masu haƙa kabari ya fito, a maƙabartu irin su Dandolo da ke Goron Dutse da ta Ƙofar Mazugal. Su ne suka ce aikin ya fi ƙarfin abin da suka saba. Mutumin da ya shekara ashirin yana haƙa kabari ya san adadin da yake haƙawa a ranar zafi da ranar sanyi, ko da bai taɓa rubutawa ba.

A daidai wannan lokacin kuma ɗakin gwaji ɗaya tilo da jihar ke dogaro da shi, na Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, ya tsaya da aiki na kwanaki, bayan wasu ma'aikatansa sun kamu ga kuma ƙarancin kayan aiki. Wasu daga cikin 'yan kwamitin yaƙi da cutar na jiha su ma sun kamu, aka killace su. Wato a makon da gawa ta fi yawa, a makon ne jadawalin NCDC na kowane dare yake nuna Kano shiru. Wanda ke Abuja yana kallon jadawali zai ce an samu sauƙi. Wanda ke Gwale ko Dala yana fita jana'iza sau uku kafin azahar.

Azumi ya kama ranar 24 ga Afrilu. A kwanakin da suka biyo baya Kano ta yi rashin manya a jere: Farfesa Ibrahim Ayagi, Farfesa Aliyu Umar Dikko, Farfesa Balarabe Maikaba, tsohon editan jaridar Triumph Malam Musa Ahmad Tijjani, sai Sarkin Rano Alhaji Tafida Abubakar Ila a farkon Mayu. Allah Ya jiƙansu da rahama. Ba na ce korona ce ta kashe kowannensu ba, kuma bai kamata kowa ya faɗi haka kai tsaye ba. Abin da rasuwarsu ta yi shi ne ta hana a ci gaba da cewa jita-jita ce. Talaka ɗari na iya tafiya ba a ji ba, amma farfesa uku a mako guda ba ya ɓoyuwa.

Bayanin farko da gwamnatin jiha ta bayar shi ne hawan jini ne, da ciwon suga, da sanƙarau, da zazzaɓin cizon sauro mai tsanani. A yi adalci, akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Afrilu watan zafi ne, lokacin sanƙarau ne, kuma asibitoci masu zaman kansu da dama sun rufe ƙofa don tsoro, mai ciwon suga ko hawan jini ya rasa inda zai je. Irin waɗannan ba ƙwayar cutar ce ta kashe su ba, rufewar asibiti ce. Amma ai masu hawan jini da suga su ne dai waɗanda korona ta fi kayarwa a ko'ina a duniya. Don haka bayanin bai kore komai ba, ya dai jinkirta tambayar.

Ranar 27 ga Afrilu Shugaba Buhari ya ƙaƙaba wa Kano kullen mako biyu, aka turo tawaga ƙarƙashin Dakta Nasiru Sani Gwarzo. Gwamna Ganduje ya nemi tallafin naira biliyan 15 daga tarayya. Gidauniyar Dangote ta kawo ɗakin gwaji na tafi-da-gidanka mai iya gwada mutum 400 a rana, Jami'ar Bayero ta buɗe nata, aka shirya wuraren killacewa a Kwanar Dawaki da filin wasa na Sani Abacha. Da gwaji ya dawo sai lambobi suka yi tsalle, a farkon Mayu Kano ta zama ta biyu bayan Legas. Mutane suka ce cutar ta ƙaru. Ni a ganina ba ƙaruwa ta yi ba, fitila aka kunna a ɗakin da ta daɗe a ciki.

Dalilina shi ne bayanin ministan da kansa. Ya ce a ranakun da abin ya yi tsanani ana rasa mutum 43 a rana a cikin birni, inda aka saba da kimanin 11, kuma ƙololuwar ta zo ne a mako na biyu na Afrilu, zuwa farkon Mayu ta sauka. Fiye da rabin mamatan a gida suka cika, yawancinsu sun haura shekara 65. To ku duba: mako na biyu na Afrilu shi ne makon da aka sanar da "mutum na farko". Cutar nan kuwa tana ɗaukar makonni kafin ta kai mutum kushewa. Ke nan tun cikin Maris tana yawo a ɗaurin aure da zaman makoki da sahun salla, muna nan muna rigimar sarauta. Kullen da ya fi tsanani ya zo ne bayan guguwar ta riga ta wuce, talaka ya sha yunwar azumi a kulle, ana sassauta masa Litinin da Alhamis ya je ya cakuɗu a kasuwa ya dawo.

Shi kansa binciken, tun da ba a gwada mamatan ba kuma mu ba ma ajiye gawa, bin gida-gida aka yi ana tambayar iyalai: ya yi zazzaɓi? ya yi tari? numfashi ya yi masa wuya? Gwamnatin jiha ta yi nata binciken a kan mace-mace sama da 1,500, ta ce kusan kashi 16 cikin 100 ne kawai ke da alaƙa da korona. Ko da wannan ƙaramin kason muka ɗauka, mutum sama da 200 ne a 'yan makonni, kusan ninki biyu na abin da littafin NCDC ya rubuta wa Kano a shekaru uku.

Maganar almajirai kuwa tana da ciwo. Gwamnonin Arewa suka amince kowa ya mayar da yaran jiharsu ta asali, aka cika motoci da su a tsakiyar annoba. Cikin yara 169 da aka gwada a Kaduna 65 na ɗauke da cutar, a Jigawa 91 cikin 168. Waɗannan alƙaluma sun fi duk wani jadawali nuna yadda cutar ta bazu a Kano, domin yaran nan ba Landan suka je ba, ba Dubai ba. A unguwanninmu suka ɗauka.

Kuma kada wani ya ce jahilci ne kawai ya sa Kanawa suka ƙi yarda da hukuma. Garin da a 1996, lokacin annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya gwada maganin Trovan a kan yara kusan 200, goma sha ɗaya suka rasu, aka yi ta shari'a har zuwa sulhun 2009, yana da dalilin ɗari-ɗari. Wannan tabon na cikin abin da ya haifar da ƙaurace wa rigakafin shan inna a 2003. Abin mamaki, ginin Kwanar Dawaki da aka killace masu korona a ciki da kuɗin wancan sulhu aka yi shi.

Yanzu ɓangaren doka, wanda shi ne ya fi damuna a matsayina na ma'aikaci. Duk kullen da aka yi mana, da wace doka aka yi shi? Da dokar killacewa ta 1926, ta zamanin Turawa, wadda aka rubuta don kwalara da agana da shawara da ire-irensu, tararta naira 200 ko ɗaurin wata shida. Ranar 28 ga Afrilu, Kano na tsakiyar jana'iza, kakakin majalisar wakilai Femi Gbajabiamila ya gabatar da ƙudurin da zai maye gurbinta, ya tsallake karatu na ɗaya da na biyu a rana guda, 'yan majalisa da yawa ba su ma ga kwafinsa ba. Sai aka gano yawancinsa kwafe ne daga dokar Singafo ta 1977, ga iko mai yawa da ya ba shugaban NCDC na kamawa da killacewa da tilasta rigakafi. Shugaban NCDC na lokacin, Dakta Chikwe Ihekweazu, ya ce ba da shi aka tsara ba. Gwamnoni suka ce a jingine, ƙungiyoyi suka yi ca, ƙudurin bai zama doka ba. Da zagaye na biyu na cutar ya zo, a Janairun 2021, sai da Buhari ya sake komawa ga dokar 1926 ya sa hannu a kan ƙa'idojin takunkumi.

A jiha kuwa babban aikin da na san majalisa ta yi a kan annobar shi ne rage kasafin kuɗin 2020 daga sama da biliyan 200 zuwa kusan biliyan 138, saboda faɗuwar kuɗin shiga. Wannan dole ne, ba laifi. Amma duk muhawarar da aka yi a Abuja da Kano a kan iko ce: wa zai kulle, wa zai buɗe, wa zai ba da izinin Juma'a da Idi. An ma ga haka ƙarara lokacin da tarayya ta tsawaita kulle a tsakiyar Mayu, jiha kuma ta ba da damar sallar Juma'a da ta Idi, aka dai soke hawan salla. Zuwa 2 ga Yuli aka ɗage kullen gaba ɗaya. Tambayar da ta jefa mu cikin ruɗani, wato mutum nawa ne ke mutuwa a garin nan kowace rana kuma me ke kashe su, ba ta samu irin wannan zafin ba.

Alhali hurumin yana nan. Tun 1992 akwai dokar tarayya da ta wajabta rajistar haihuwa da mutuwa a hannun Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, amma mutuwar da ake yi wa rajista a Najeriya ba ta wuce kusan ɗaya cikin goma ba. Kundin tsarin mulki kuma ya lissafa kula da maƙabartu da rajistar mace-mace cikin ayyukan ƙananan hukumomi, majalisar jiha ce ke tsara musu yadda za su yi. Kuma mun san majalisarmu ba ta da nawa idan ta so. Dokar ƙirƙirar sababbin masarautu a Mayun 2019 kwana uku ta ɗauka. Wadda ta rushe su a Mayun 2024, rana ɗaya aka zartar aka sa hannu. Na kawo biyun ne da gangan, don kada 'yan jar hula ko 'yan Gandujiyya su ce da su nake.

Abin da nake magana a kai ba ya hana gaggauta jana'iza, ba ya buƙatar a taɓa gawa. Littafi ne a ƙofar kowace maƙabarta, da malami ɗaya da ake biya albashi: suna, shekaru, unguwa, kwana nawa ya yi jinya, me ya yi fama da shi. Kowace yamma ya tura adadin ta waya zuwa sashen lafiya na ƙaramar hukuma. Da akwai wannan a ƙananan hukumomi takwas ɗin nan a 2020, ranar da lamba ta tashi daga 11 ta doshi 20 wani jami'i zai gani a teburinsa, kwanaki kafin ɗan jarida ya je Dandolo ya tambayi mai haƙa kabari. A 2023 da mashaƙo ya ɓarke, Kano ce ta fi kowace jiha yawan waɗanda suka kamu, kuma a wannan karon yara ne. Wanda ya je jana'iza kwanan nan a unguwarsu ya faɗa mana a ƙasa ko an rubuta sunan mamacin a wani wuri kafin a rufe shi.