Tarihin Clubhouse, manhajar da ta koya wa duniya zaman majalisa ta waya

1/ Masu raba dare a Space, ku matso. Wannan abin da kuke yi, ku ɗaga hannu a ba ku makirfo, ba Twitter ce ta ƙirƙiro shi ba. Kwafowa ta yi daga wata manhaja da ta yi tashe kamar wutar daji, sannan tashen nata ya dusashe cikin ɗan lokaci. Zare ne, ku biyo ni.

2/ Sunanta Clubhouse. Wasu mutum biyu a Amurka, Paul Davison da Rohan Seth, suka fito da ita a farkon 2020, daidai lokacin da korona ta kulle kowa a gida. Ba bidiyo, ba rubutu, murya zalla. Ka shiga ɗaki, ka ji ana magana, in kana da ta cewa ka ɗaga hannu.

3/ Dabarar da ta ja hankali ita ce rowa. Ba ka isa ka shiga ba sai wanda ke ciki ya gayyace ka, kuma sai mai iPhone. Ɗan Adam kuwa, a hana shi abu shi ne zai fi so. Har sayar da takardar gayyata aka riƙa yi a eBay.

4/ A ƙarshen Janairun 2021 Elon Musk ya shigo wani ɗaki. A lokacin ɗaki ba ya ɗaukar fiye da mutum 5,000, ya cika maƙil, wasu suka koma YouTube suna saurare. Ya ma jawo shugaban Robinhood, Vlad Tenev, ya yi masa tambayoyi kan rikicin hannun jarin GameStop. Daga ranar kowa ya san Clubhouse.

5/ Amma abin da ya fi taɓa ni a China ya faru. Na ɗan lokaci mutanen China, Taiwan da Hong Kong suka zauna ɗaki ɗaya suna magana da bakinsu, har da maganar Musulman Uygur na Xinjiang da abin da ya faru a Tiananmen a 1989. Abubuwan da a can ba a faɗa a fili. Ranar 8 ga Fabrairu 2021 gwamnati ta toshe manhajar.

6/ To me ya sa murya take da wannan ƙarfi? Rubutu yana ɓoye mutum. Za ka iya zagin wani a rubuce ba ka ji komai ba, amma in ka ji muryarsa tana rawa, ko ya yi dariya, sai ka tuna mutum ne. Kuma ba ta buƙatar kwalliya. Kana kwance da singileti, ko kina tuƙa tuwo, kuna cikin hira.

7/ Mu a nan ba baƙon abu ba ne. Wanda ya taso da rediyo ya san masu aiko gaisuwa da suka zama abokai ba su taɓa ganin juna ba. Wanda ya ga zamanin kiran tsakar dare na kyauta ya san yadda ake kai wa asuba ana surutu. Space majalisar ƙofar gida ce, sai dai ba mai shayi.

8/ Zuwa Afrilun 2021 an ƙiyasta darajar kamfanin dala biliyan 4. Sai manya suka farka. Twitter ta buɗe Spaces a watan Mayu ga masu mabiya 600, Facebook ta yi nata, Spotify ta kawo Greenroom, Reddit da Discord ma ba a bar su a baya ba.

9/ Clubhouse kuwa ba ta iso Android ba sai Mayun 2021, ba ta cire sharaɗin gayyata ba sai Yuli. Ta makara. Yawancinmu Android muke riƙe da ita, kafin ta zo mun ga Space a inda mabiyanmu suke tuntuni. Sai kuma gwamnati ta dakatar da Twitter a Najeriya daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, aka koma shiga da VPN.

10/ Ga kuma matsalar da ke cikin abin kansa. Hira kai tsaye tana cin lokaci. Rubutu za ka wuce shi da yatsa, amma a ɗakin murya sai ka jira wani ya gama gaisuwar minti biyar kafin ya ce komai. Da aka buɗe gari aka koma aiki, wa ke da awa uku?

11/ Sannan tace magana ya fi tace rubutu wahala. Ƙarya ko cin mutunci ya fita ya shiga kunnen dubbai kafin mai ɗakin ya kashe makirfo.

12/ A 2023 Reddit ta rufe nata, Spotify ta rufe nata, Clubhouse ta sallami fiye da rabin ma'aikatanta a watan Afrilu. Space ce ta tsira, duk da ita ma ta ji kunya a Mayun shekarar, lokacin da Ron DeSantis ya zo sanar da takarar shugabancin Amurka a kai, ta riƙa ɗaukewa. Musk ɗin nan da ya ɗaga Clubhouse shi ne mai masaukin baƙi, domin a lokacin ya riga ya sayi Twitter.