Jirgin sama ya sauka Kano, masana na can suna gardama

Mu nan Kafanchan jirgin ƙasa ne ya tara mu. Tun da layin dogo daga Fatakwal ya haɗu da na Kaduna da reshen Jos a wajen 1927, kakanninmu suka yi ta zuwa, wasu leburori, wasu 'yan tireda, wasu mahauta, har Sarkin Jama'a ya baro Sarari ya dawo nan a 1933. Shi ya sa kowane dattijo a unguwa zai iya faɗa maka yadda kan jirgi ke cin gawayi ya ja tarago. Amma tambayi abin da ke riƙe jirgin sama a iska, sai ka ji shiru, ko ka ji amsar da yaranmu ke haddacewa a makaranta, wadda ba daidai ba ce.

Jirgin sama ma ya riga mahaɗarmu zuwa Arewa. Ranar 1 ga Nuwamba 1925 jirage uku na sojan saman Ingila suka sauka Kano daga Helwan kusa da Alƙahira, ƙarƙashin Arthur Coningham. A lokacin, masanan Turai ba su gama shirya kansu kan abin da ke ɗaga fiffike ba.

Gardamar tsohuwa ce. Isaac Newton, a 1687, ya ɗauki iska kamar ƙananan tsakuwa masu bugun abu, kuma da aka bi lissafinsa sai ƙarfin ɗagawar ya fito ɗan kaɗan, har wasu suka ce abu mai nauyi ba zai tashi ba. A 1738 Daniel Bernoulli ya nuna cewa inda ruwa ya ƙara gudu, matsinsa yakan ragu. Dukansu babu wanda ya ga jirgi. Waɗanda suka tashi, ranar 17 ga Disamba 1903, 'yan'uwa biyu ne masu shagon keke a Amurka, su Wright. Ba su jira malamai ba: akwatin katako suka haɗa da fanka, suka yi ta gwada ƙananan fikafikai.

Daga baya lissafi ya biyo. Kutta a Jamus a 1902, Zhukovsky a Rasha a 1906, sannan Prandtl, suka fitar da hanyar auna ƙarfin fiffike, ta kuma yi aiki. Manyan malaman Kambrij suka ƙi ta shekara da shekaru, wai ta ɗauki iska kamar ba ta da danƙo ko kaɗan, alhali ɗan ƙasarsu Lanchester ya kawo irin wannan tunani tun 1907 suka yi biris da shi. Sai a 1926, shekara guda bayan saukar Kano, littafin Glauert ya zaunar da ita a Ingila. Einstein kansa ya tsoma baki a 1916, ya zana fiffike mai doro kamar bayan kyanwa. Da aka gwada, da ƙyar jirgin ya tashi.

To, ga abin da ake koya wa yaranmu: wai saman fiffike ya fi ƙasansa tsawo, don haka dole iskar sama ta yi sauri domin ta sadu da ta ƙasa a baya. Wa ya ce dole su sadu? Gwaji da hayaƙi ya nuna ta saman tana riga ta ƙasan wucewa, ba ta jiran kowa. Kuma jirage kan tashi a kife, jirgin takardar yaro ma yana shawagi ba shi da doro.

Duk wanda ya taɓa miƙa hannu ta tagar jirgin Jos ya san rabin amsar. Ka ɗan karkata tafin, ka tura iska ƙasa, ita kuma ta tura hannunka sama: wannan shi ne ɓangaren Newton. Ɗaya rabin muna ganinsa farkon damina, sa'ad da guguwa ta yaye kwanon rufi: iska ta gudu a kansa, matsin sama ya ragu, na cikin ɗaki ya cira shi. Wannan na Bernoulli ne. A ganinmu abu ɗaya suke faɗa, don ta bambancin matsin nan ne fiffike ke karkata iska ƙasa, kuma saman fiffiken ne ya fi yin aikin. Abin da ake ja har yau shi ne wanne za a kira sanadi, gudun ko raguwar matsin, tunda tare suke faruwa.

Yaron unguwar nan da ya samu shiga makarantar koyon tuƙin jirgin sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, zai ga amfanin wannan da wuri. Idan ya ɗaga hancin jirgi har karkatar fiffike ta wuce kamar digiri 15, iskar saman takan rabu da shi, jirgi ya soma faɗuwa ko da injin na ruri. Siffar fiffiken ba ta canza ba, maganinsa kuwa shi ne ya sunkuyar da hancin.