Hausawan Damazin da Jazira: tarihinsu, al'adunsu da batun yawon buɗe ido

A gabar kogin Nilu Shuɗi na ƙasar Sudan, tun daga Wad Madani har zuwa kusa da iyakar Habasha, akwai garuruwa da ƙauyukan da baƙo daga Maraɗi ko Katsina zai yi sallama da Hausa a amsa masa da Hausa. Mazauna waɗannan wurare jikoki ne da tattaɓa-kunnen mutanen da suka baro ƙasar Hausa da Borno, wasu da niyyar aikin hajji, wasu don gudun mulkin Turawa. Yau ƴan Sudan ne, a can aka haife su, a can kuma kaburburan kakanninsu suke. Sai dai har gobe ana tayar musu da tambayar ko su ƴan asalin ƙasar ne ko baƙi, kuma wannan tambaya ta shafi duk wata magana da za a yi kan gadonsu na al'ada.

Ina ne Damazin?

Damazin ita ce hedikwatar yankin Nilu Shuɗi, wanda Larabawa ke kira Annilul Azraƙ, a Faransanci kuma Nil Bleu. Tana kudu maso gabashin Khartum da tazarar fiye da kilomita 500, kuma hanyar mota zuwa can tana bi ta Wad Madani da Sinnar da Sinja. Gari ne sabo idan aka kwatanta shi da maƙwabciyarsa Rusairis da ke tsallaken kogi, domin aikin gina madatsar ruwan Rusairis, wanda aka kammala a 1966, shi ne ya raya shi. Arewa da wannan yanki ne Jazira take, wato shimfiɗaɗɗiyar ƙasar noma da ke tsakanin Farin Nilu da Nilu Shuɗi.

Yadda Hausawa suka zo

Tun kafin zuwan Turawa, mahajjatan Afirka ta Yamma suna ratsa Sudan a ƙasa. Ayari kan tashi daga Kano ko Damagaram, ya bi ta Borno da Wadai da Darfur da Kurdufan, ya tsallaka Nilu, sannan ya nufi tashar jiragen ruwa ta Suwakin a bakin Bahar Maliya. Tafiyar takan ɗauki shekaru, domin idan guzuri ya ƙare sai an tsaya an yi noma ko ƙwadago. Da yawa a nan suka yi aure, suka haihu, zango ya zama gida. Mutanen Sudan suna kiran waɗannan matafiya Takari ko Fallata, sunayen da suka haɗa Hausawa da Fulani da Barebari a kwando guda, kuma wani lokaci ana faɗarsu da raini.

Hijira mafi girma ta biyo bayan faɗuwar Sakkwato a hannun Ingilishi a watan Maris na 1903. Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya ya fita da jama'a mai yawa ya nufi gabas, aka kashe shi a yaƙin Burmi a watan Yuli na shekarar. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da tafiya da waɗanda suka tsira har bakin Nilu Shuɗi. A 1906 ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa, Mai Wurno, kudu kaɗan da Sinnar. Garin ya zama matattarar masu zuwa daga baya, daga nan kuma aka riƙa yanka sababbin ƙauyuka a gefen kogi, ana gangarawa kudu wajen Rusairis. Zuriyarsa ce ke riƙe da sarautar garin, kuma ana kiran mai riƙe da ita Sultan.

Daga ɓangaren da Faransa ta mallaka ma mutane sun bi wannan hanya. Haraji da aikin tilas da yunwar 1913 zuwa 1914 sun sa iyalai da dama daga ƙasar da ta zama Nijar sun yi gabas ba su dawo ba.

Auduga da madatsun ruwa

Abin da ya zaunar da mafi yawansu shi ne noma. A 1925 aka kammala madatsar ruwan Sinnar, aka buɗe babban shirin noman rani na Jazira domin samar wa masaƙun Ingila auduga. Shirin yana buƙatar hannuwa masu yawa wajen shuka da cire ciyawa da tsinkar auduga, kuma mutanen yamma ne suka cike wannan giɓi. Akasarinsu ba a ba su gonakin haya ba. An bar su a matsayin ƴan ƙwadago, suna zaune a matsugunan gefen gonaki da ake kira kambo, waɗanda har yanzu da yawansu ba su da makaranta ko asibiti ko takardar mallakar fili.

A kudu, wajen Damazin, rayuwar ta ɗan bambanta. Hausawa sun yi suna a kamun kifi a kogin da kuma tafkin da madatsar Rusairis ta haifar, suna noman lambu a gaɓar ruwa idan ya janye, suna kuma kasuwanci da sana'o'in hannu a cikin gari. Da aka ƙara wa madatsar tsawo da mita 10, aikin da aka kammala a farkon 2013, ruwa ya cinye ƙauyuka da gonaki masu yawa. Gwamnati ta kwashe mutanen zuwa sababbin garuruwa da aka sa wa lamba a maimakon suna, inda ƙabilu daban-daban suka tarar da kansu a wuri ɗaya, filin noma kuma ya yi ƙaranci.

Abin da ya rage na gado

Gadon Hausawan Sudan ba na ganuwa ko manyan gine-gine ba ne. Yana cikin harshe da abinci da karatu da sana'a.

Na farko shi ne harshe. Ana jin Hausa a gida da unguwa, Larabci kuma a makaranta da kasuwa da ofis. Hausar tasu ta ari kalmomin Larabcin Sudan masu yawa, har ɗan Kano kan yi tuntuɓe a wasu jimloli, kuma a manyan birane yara da dama sun fi sakewa da Larabci. Farfesa Al-Amin Abu-Manga na Jami'ar Khartum, wanda shi kansa ɗan Mai Wurno ne, ya wallafa littafi a 1999 kan yadda Hausar Sudan ke sajewa da Larabci, bayan wanda ya rubuta a 1986 kan Fulatanci.

Na biyu abinci. Duk wanda ya zaga biranen Sudan da yamma ya ga masu gasa nama da ƙuli-ƙuli da yaji. Sunan wannan nama agashe, kalmar Hausa ce tsantsa, kuma ya zama abincin kowa da kowa, daga Khartum har Fort Sudan. Haka kuma an san Hausawa da godogodo, abin sha na gero da nono mai kama da fura.

Na uku karatun allo. Makarantun da ƴan Sudan ke kira khalwa su ne tsangayunmu, kuma a ƙauyukan mutanen yamma an daɗe ana karanta Alƙur'ani da ruwayar Warshu da salon rubutun da aka taho da shi daga gida, alhali tsakiyar Sudan ta saba da ruwayar Duri. Ɗariƙar Tijjaniyya ma tana da ƙarfi a tsakaninsu.

A fagen waƙa, sunan da ya fi fice shi ne na A'isha al-Fallatiya, wadda aka haifa a Kasala a 1905 ta rasu a 1974. Ita ce macen da ta fara rera waƙa a gidan rediyon Omdurman, a farkon shekarun 1940, kuma ta yi waƙoƙi da Larabci da Hausa.

Masu bincike daga waje ma sun rubuta wannan tarihi. Mark Duffield ya wallafa nazari kan Mai Wurno a 1981, sannan C. Bawa Yamba ya rubuta littafi a 1995 kan mazauna ƙauyukan Jazira da har jikoki na uku da na huɗu suke ɗaukar kansu mahajjata da ke kan hanya.

Maƙwabtan da aka tarar

Ba a fili wofi Hausawa suka sauka ba. Yankin yana cikin daular Funj ta Sinnar, wadda ta yi mulki daga 1504 zuwa 1821, kuma gida ne ga Berta da Hamaj da Gumuz da mutanen duwatsun Ingasana da wasu ƙabilu da ke da nasu harsuna da sarakunan gargajiya. Berta sun shahara da kiɗan waza, inda mutum goma ko fiye ke busa ƙahonin da aka haɗa da duma, kowane ƙaho da nasa tsawo da tasa murya guda. Akwai kuma bikin girbi da ake kira Jada'un Nar, wato jefa wuta. Shekaru da yawa an zauna tare, ana cin kasuwa ɗaya, ana sallah a masallaci ɗaya.

Wane ne ɗan ƙasa?

Dokar zama ɗan ƙasa ta 1957 ta ɗauki wanda shi ko iyayensa maza suke zaune a Sudan tun ranar 31 ga Disamba 1897 a matsayin ɗan ƙasa ta haihuwa. Wannan sharaɗi ya bar mafi yawan waɗanda suka zo bayan Burmi a waje. Daga baya an sassauta, har dokar 1994 ta mayar da ma'aunin zuwa farkon 1956. Amma takarda daban, ƙasa daban. A tsarin sarautun gargajiya na Sudan, ƙabilar da ke da babbar sarauta ita ake ɗauka mai ƙasar.

A kan wannan ne rikicin 2022 ya tashi. Hausawan Nilu Shuɗi sun nemi a ba su sarautar kansu, shugabannin wasu ƙabilun yankin suka ƙi, suna ganin hakan zai zama iƙirarin mallakar ƙasa. A watan Yuli faɗa ya ɓarke a Gaisan da Rusairis da kewayen Damazin, mutum fiye da 100 suka mutu. Hausawa sun yi zanga-zanga a Kasala da Gadarif da Khartum da wasu birane. A watan Oktoba an sake gwabzawa a yankin Wad al-Mahi, inda aka rasa rayuka fiye da 200. Dubun-dubatar mutane daga kowane ɓangare sun rasa muhalli. A Janairun 2023 aka sa hannu kan yarjejeniyar zaman lafiya a Damazin, sai ga shi bayan wata uku, ranar 15 ga Afrilu, yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF. Wad Madani ta faɗa hannun RSF a Disambar 2023, Sinja kuma a tsakiyar 2024, kafin sojoji su sake karɓe su.

Yawon buɗe ido

A lokacin zaman lafiya, yankin yana da abin nuna wa baƙo. Akwai kufan tsohuwar Sinnar, wadda aka zaɓa birnin al'adun Musulunci na 2017. Akwai gandun dajin Dindir da aka keɓe tun 1935, wanda UNESCO ta sa cikin wuraren kare halittu a 1979, kuma da rani ake shigarsa. Akwai tafkin Rusairis da duwatsun Ingasana. Ga ɗan Nijar ko Najeriya kuwa, Mai Wurno ita ce ƙarshen labarin da ya faro daga Sakkwato da Burmi, kuma iyalai da yawa a ƙasar Hausa suna da dangi a can.

Duk da haka, yaƙi ya rufe wannan ƙofa, ya kuma nuna yadda kayan tarihi ke saurin salwanta, tunda har babban gidan tarihi na ƙasa da ke Khartum an wawashe shi. Gadon da ke bakin tsofaffi ya fi wannan rauni. Idan ƙauye ya watse, labarin hanyar da kakanni suka biyo da waƙoƙin biki da rubutattun takardun malamai sukan watse tare da shi. Saboda haka aikin da ya riga yawon buɗe ido shi ne tattarawa da naɗar murya da adana takardu, aikin da Jami'ar Nilu Shuɗi da ke Damazin da jami'o'in Kano da Sakkwato da Yamai za su iya haɗa hannu a kai.

Akwai kuma abin lura ga duk mai son tallata wannan tarihi. A wurin da aka zubar da jini kan tambayar wa ya riga wa zuwa, nuna al'adar ƙabila ɗaya ita kaɗai kan zama tamkar neman hujjar mallakar ƙasa. Shirin da zai ɗore shi ne wanda zai kai baƙo wurin mai gasa agashe da mai busa waza a rana ɗaya, kuma mutanen ƙauyukan su ne za su ba da labarinsu da bakinsu, su ci moriyar abin da baƙon ya kashe.