Tafeta: yadin da ya faro daga alharini ya koma na roba

Tafeta yadi ne mai santsi da sheƙi, mai ɗan tauri, wanda ke yin ƙara idan mai sanye da shi ya motsa. Sunan ya samo asali ne daga kalmar Farisanci "tafta", wadda ke nufin abin da aka murɗa ko aka saƙa. Saƙarsa mai sauƙi ce: zaren kwance na hawa ɗaya, ya bi ta ƙarƙashin ɗaya, amma ana matse ta sosai. Wannan matsewar ce ke sa riga ta tsaya ta buɗe, maimakon ta kwanta a jiki. Idan zaren tsaye da na kwance suka bambanta launi, yadin kan riƙa sauya kala a cikin haske.

Da alharini zalla ake saƙa shi a da, shi ya sa ya zama kayan masu hali a Turai. Rigar auren Gimbiya Diana ta Ingila a 1981 da shi aka ɗinka ta, kuma jelarta ta kai ƙafa 25.

Alharini ba baƙo ba ne a ƙasar Hausa. Fatake sun daɗe suna kawo shi Kano daga Tarabulus ta hamada, kuma Heinrich Barth ya tarar da cinikinsa a birnin a 1851. Akwai kuma na gida, wato zaren tsamiya, da ake yi wa manyan riguna aiki da shi.

A yau yawancin tafetan da ke kasuwa na roba ne, musamman foliyesta. A Jalingo, babban birnin Jihar Taraba, kamar sauran biranen Arewa, teloli na amfani da shi wajen rigunan amare da na ƙawayensu, ko su yi shafi da shi a ƙarƙashin leshi domin siket ya buɗe. Yana da araha, sai dai ba ya shan gumi, abin da ke wahalar da amarya a zafin Maris da Afrilu. Dutsen guga mai zafi ma na iya narkar da shi, kuma ramin allura ba ya ɓacewa idan tela ya warware ɗinki.

Mai saye na iya bambance su ta hanyar ƙona ɗan zare. Na alharini yana warin ƙonannen gashi, ya bar toka mai murmushewa, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri.