Dutsen Niƙa da Huhun Wanda Ya Sassaƙo Shi

A gidaje da dama na Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, har yanzu akan tarar da dutsen niƙa a yashe a gindin rumbu ko a bayan madafi, kaji suna hawa suna sauka. Injin niƙa ya ƙwace masa aiki tuntuni. Kafin zuwan injin kuwa, ƙarar wannan dutse ce ke tada gida da asuba: mace ta durƙusa, ta dafe ɗan dutsen da hannu biyu, tana tura dawa ko gero tana jawowa, tana rage wa kanta gajiya da waƙa. In dutsen ya yi santsi ya daina cin hatsi, sai a nemi mai koɗa ya zo ya farfaɗo da shi. Kowa ya san mai niƙa, kowa ya san mai koɗa. Wanda ba a cika tunawa da shi ba shi ne mutumin da ya shiga rami ya ɓalle dutsen, ya zauna ya sassaƙa shi.

Wasu likitocin Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya sun tuna da shi. A shekarar 1975, David Warrell da abokan aikinsa suka buga sakamakon wani bincike a mujallar likitocin ƙirji mai suna Thorax. Sun bi sawun dutsen niƙa har inda ake ciro shi, suka tarar da yawa daga cikin waɗanda ake amfani da su a gidajen ƙasar nan daga wasu 'yan ƙauyuka da ke yankin Kano suke fitowa, inda ake da wani irin dutse mai yashi-yashi. Suka ɗauki hoton ƙirjin masassaƙa 126 daga ƙauyuka biyu. Mutum 49 suna ɗauke da cutar ƙurar dutse, wadda likitoci ke kira silikosis. A cikinsu, 17 tabon ya riga ya haɗe ya zama manyan dunƙule a huhu. Waɗanda suka fi daɗewa a ramin su suka fi kamuwa, kuma abin da suka fi kuka da shi shi ne haki da zarar sun ɗan yi aikin ƙarfi.

Abin ya ba likitocin mamaki, domin a fili ake aikin, iska na kaɗawa, ba a ƙarƙashin ƙasa ba. Amma ba su yi wa mutanen wa'azin su bar sana'ar ba. Lokacin ba a daɗe da fita daga farin 1973 ba, kuma sun faɗa a rubutunsu cewa da wuya a sa ran mutanen da fari ya addaba su saki abin da suka gada suke ci da shi. Wannan adalci ne da ba kowane mai bincike ke yi wa talaka ba.

Ƙurar da ke kisa ba ita ce wadda ake gani tana tashi ba. Wannan hanci da maƙogwaro suna tare ta, a yi atishawa ko kaki a fitar. Mai illar ita ce wadda ido ba ya gani, wadda ke wucewa har ƙarshen huhu, cikin 'yan jakunkunan da iska ke haɗuwa da jini. Ƙwayoyin garkuwar jiki sukan haɗiye ta don su narkar da ita, amma dutse ba ya narkewa. Su ne ke mutuwa, wasu su zo su haɗiye, su ma su mutu. Kowane zagaye yana barin tabo. Huhun da ya kamata ya yi laushi kamar soso sai ya koma kamar busasshiyar fata. Ko mutum ya ajiye guduma, cutar tana iya ci gaba da cinsa, kuma har yau babu maganin da ke goge wannan tabo. Tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa, tana kama da shi a hoto, har a iya ɗora mutum kan maganin tibi na wata shida, ya shanye, hakin na nan.

To, in huhu ya mutu mai shi yana raye, me ya rage? Shekara bakwai kafin rahoton Zariya, an gwada amsar a birnin Ghent na ƙasar Beljiyam. A watan Nuwamban 1968, likita Fritz Derom ya yi wa wani saurayi ɗan shekara 23 dashen huhu. Sana'ar saurayin ita ce kankare ƙarfe da feshin yashi, kuma cutar da ta cinye masa huhu ita ce dai wannan ta masassaƙan Kano. Ya rayu wata goma, mafi yawansu a asibiti. A yau wata goma ba abin tutiya ba ne, amma a lokacin babu wanda ya kai haka. James Hardy, wanda ya fara dasa wa ɗan Adam huhu a Jami'ar Mississippi ta Amurka a watan Yunin 1963, majinyacinsa kwana 18 ya yi. An yi ta gwadawa, wajen sau arba'in cikin shekara ashirin, ana ta binne mutane.

Matsala biyu ce ta tsaya wa likitoci a wuya. Ta farko, jiki yana ɗaukar sabon huhun a matsayin baƙon da ya kutso, ya tasam masa da yaƙi. Ta biyu, ɗinkin da ke haɗa bututun iskar mai karɓa da na sabon huhun yakan warware bayan 'yan makonni. Joel Cooper da mutanensa a Toronto ta ƙasar Kanada sun koma ɗakin gwaji, suka gano cewa maganin da ake ɗura wa majinyaci da yawa don kwantar da garkuwar jikinsa, shi ne ke hana ɗinkin warkewa. Suka rage shi a kwanakin farko, suka dogara da sabon magani mai suna cyclosporine, suka kuma jawo shimfiɗar kitsen nan da ke lulluɓe hanji suka naɗe ɗinkin da ita don jini ya samu hanya. A watan Nuwamban 1983 suka yi wa wani mai tabon huhu dashe, ya koma gida, ya rayu fiye da shekara shida. Daga nan ne dashen huhu ya tashi daga gwaji ya zama magani.

Sai dai magani ne mai igiya a ƙafa. Wanda aka yi wa dashe zai sha magungunan danne garkuwar jiki safe da yamma har ƙarshen ransa, a riƙa auna jininsa, domin in sun yi kaɗan jiki ya ƙi huhun, in sun yi yawa su taɓa ƙoda. Murar da wani zai yi kwana uku ya watsake tana iya kwantar da shi a asibiti. Ƙoda da hanta a ɓoye suke cikin ciki. Huhu kuwa da kowane numfashi yake gaisawa da duniya, da ƙurarta da ƙwayoyin cutarta. Shi ya sa ba ya daɗewa kamar sauran gaɓoɓin da ake dasawa: kusan rabin waɗanda aka yi wa ne ke wuce shekara shida. Mai karatu ya ƙiyasta irin wannan majinyaci a kan hanya cikin hazon hunturu.

Ba wai dashe baƙon abu ne a ƙasar Hausa ba. Asibitin Koyarwa na Aminu Kano ya fara dashen ƙoda tun 2002. Amma ƙoda biyu ce, ɗan'uwa yana iya ba da ɗaya ya ci gaba da harkokinsa. Huhu kusan kullum daga wanda ya rasu ake ɗauka, wanda na'ura ke riƙe da numfashinsa, kuma dole a dasa shi cikin 'yan sa'o'i. A inda ake rasuwa da hantsi a yi jana'iza kafin la'asar, wannan zance ne da malamai da iyalai za su daɗe suna juyawa kafin ya iso hannun likita.

Ƙurar kuwa ba ta jira kowa ba, sana'a kawai ta sauya. Ƙanƙara ta yi suna da farar ƙasa, wadda ake haƙa a busar a niƙe a ɗura a buhu, kuma an san daga wuraren haƙar ta a Ingila da Amurka cewa shaƙar ƙurarta shekara da shekaru yana taɓa huhu, ko da bai kai na dutse tsanani ba. Sabuwa tana iyaka da Birnin Gwari, Faskari tana iyaka da Zamfara, duk ƙasar zinariya, kuma zinariyar a cikin farin dutsen nan mai ƙyalli take, wanda kusan zallar silika ne, sinadarin da ƙurarsa ke jawo silikosis. Abin da aka tarar a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a 2010, lokacin da gubar dalma ta kashe yara fiye da 400, shi ne masu haƙa suna niƙa dutsen zinariya mai gauraye da dalma da irin injin da ake niƙa hatsi, a bushe, wani lokaci a cikin gida. Wato injin da ya raba mata da dutsen niƙa shi ne yanzu yake niƙa dutse.

Dalma ta kashe yara cikin ɗan ƙanƙanin lokaci, shi ya sa duniya ta ji. Silika tana ɗaukar shekaru, kuma ƙarti take kwantarwa ɗaya bayan ɗaya, a ce tari ne. Bayan wancan bala'i, ƙungiyar likitocin nan ta MSF da wasu masana lafiyar ma'aikata sun gwada wata dabara da masu haƙa a Arewa: a sa wa injin bakin feshi, ruwa ya riƙa sauka a kan dutsen yana niƙuwa. Da suka auna iskar da ma'aikatan ke shaƙa, a rahoton da suka fitar a 2019, dalma ta ragu da kashi 95 cikin ɗari, ƙurar silika da kashi 80. Kayan aikin ba su wuce tanki da tiyo da famfo ba.