Wa'adin Mako Uku da Ya Ci Shekara Biyar: Manhajar Albashi da Jami'ar Sakkwato

A ranar 8 ga Oktoba 2019, sa'ad da Shugaba Muhammadu Buhari yake gabatar da kasafin kuɗin 2020 a gaban Majalisar Dokoki ta Ƙasa, ya sanar da cewa duk ma'aikacin gwamnatin tarayya da bai shiga tsarin biyan albashi na IPPIS ba zuwa ƙarshen watan, za a tsayar masa da albashi. Umarnin ya hau kan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato kamar yadda ya hau kan takwarorinta. Kafin shekarar ta ƙare, jami'an ofishin Akanta-Janar na Tarayya suka bazu cikin jami'o'i ɗauke da kwamfutoci da na'urorin ɗaukar zanen yatsa. Ma'aikatan da ba malamai ba suka yi rajista, ita kuwa ƙungiyar malamai ta ASUU ta umarci 'ya'yanta da su ƙaurace. Sai da aka shafe shekara biyar kafin ƙurar wannan wa'adi ta lafa.

An saba ba da labarin a matsayin takun saƙa tsakanin ƙungiya da gwamnati, kuma haka ɗin ne. Amma ga wanda ya taɓa ɗaukar nauyin shigo da sabuwar manhaja cikin banki, ko asibiti, ko kamfani, akwai wata tambaya a ƙarƙashin rigimar: wace hanya aka zaɓa wajen tafiyar da aikin, kuma me ya sa ta yi aiki a ma'aikatun Abuja ta kasa a jami'a?

IPPIS ta soma da kyakkyawan tsari. A Afrilun 2007, da tallafin Bankin Duniya, aka gwada ta a ma'aikatu da hukumomi bakwai kacal, sannan a 2008 ragamarta ta koma ofishin Akanta-Janar. Manufar a fili take: a haɗa sunan kowane ma'aikaci da zanen yatsansa da asusunsa na banki, a biya shi kai tsaye daga wuri guda, don a toshe kafar ma'aikatan bogi. Aka yi ta ƙara ma'aikatu rukuni-rukuni har tsawon shekara goma sha biyu.

Masana harkar manhaja suna da manyan hanyoyi biyu. Ta farko ita ce ta matakala: a rubuta dukkan buƙatu tun farko, a zana, a gina, a gwada, a miƙa, ba a komawa baya. Ana danganta ta da wata maƙala da Winston Royce ya rubuta a 1970, kodayake shi kansa ya yi gargaɗi a cikinta cewa bin matakan sau ɗaya tak yana da haɗari. Ta biyu ita ce ta gwada-ka-gyara, wadda mutum goma sha bakwai suka fitar da ƙa'idojinta a jihar Utah ta Amurka a Fabrairun 2001: a gina ɗan ƙarami, a ba masu amfani da shi, a saurari kokensu, a gyara, a ƙara. Hanyar matakala tana dacewa da aikin da aka san buƙatunsa sarai, kuma albashin ma'aikacin gwamnati na gargajiya irin wannan aiki ne. Yana da mataki ɗaya, wurin aiki ɗaya, albashi ɗaya, yana kuma yin ritaya idan ya cika shekara 60 a duniya ko 35 yana aiki. A kan siffar wannan mutum aka ɗinka IPPIS, kuma ta yi masa daidai.

Malamin jami'a ba haka siffarsa take ba, Sakkwato kuwa ta fi wurare da yawa nuna hakan. An kafa jami'ar a 1975 da sunan Jami'ar Sakkwato, Farfesa Shehu Galadanci ne shugabanta na farko, aka sauya mata suna a 1988. Shekaru da dama ita kaɗai ce jami'ar tarayya a wannan kusurwa ta ƙasar. Da aka kafa jami'o'in tarayya a Gusau da Birnin Kebbi a 2013, ga kuma Jami'ar Jihar Sakkwato a cikin gari, sai tsohuwar ta zama rijiyar da sababbin suke ɗiba. Malamin da ke koyarwa a mazaunin jami'ar na Dundaye yana iya kama hanyar Gusau don koyar da wani darasi a matsayin malami mai ziyara, a biya shi a can bisa ƙa'ida. Wani yana tafiya hutun nazari na shekara guda a wata jami'a, ya karɓi albashi daga wurare biyu, kuma dokokin aikin jami'a sun amince da hakan. Malamin likitanci yana koyarwa a aji, yana kuma duba marasa lafiya a Asibitin Koyarwa. Akwai mai jarrabawa na waje da ake gayyata don duba kundin digiri na uku, akwai baƙon ƙasar waje da ke aikin kwantiragi, akwai farfesan da dokar 2012 ta ba shi damar zama har shekara 70. Manhajar da aka gina don ta kama duk sunan da ya bayyana sau biyu za ta ɗauki da yawa daga cikin waɗannan a matsayin masu cuta.

Gwajin 2007 bai taɓa cin karo da irin waɗannan mutane ba, domin babu jami'a ko ɗaya a cikinsa. Gwaji kuwa ba ya ba da shaida sai a kan abin da ya yi kama da wurin da aka yi shi. Da an ware jami'a ɗaya ko biyu, aka tafiyar da tsohon lissafi da sabo kafaɗa da kafaɗa na wasu watanni, ana kwatanta sakamako kafin kuɗin kowa ya motsa, da kurakuran sun fito a takarda. A maimakon haka aka sa rana ɗaya ga kowa, aka rataya albashi a kanta. Da aka fara biya ta sabon tsarin a farkon 2020, koke-koke suka yi yawa: sunayen da suka ɓace, harajin da ya ƙaru, alawus da bai fito ba, kuɗin ƙungiya da na adashen ma'aikata da aka cire amma bai isa hannun masu shi ba. Kuskuren da a da ake gyarawa da 'yar tafiya zuwa ofishin ma'ajin jami'a ya koma neman mai sauraro a Abuja, tafiyar yini guda a mota. Hatta SSANU da NASU, ƙungiyoyin da suka karɓi tsarin tun farko, daga baya suka juya masa baya.

Ba Najeriya kaɗai ta faɗa wannan rami ba. A 2016 gwamnatin Kanada ta ƙaddamar da manhajar albashi mai suna Phoenix ga ma'aikata kusan dubu ɗari uku, bayan ta tattara ƙwararrun lissafin albashi a garin Miramichi. Dubban ma'aikata aka biya ƙasa da haƙƙinsu, wasu sama, wasu ba a biya su ba sam. Rahoton babban mai binciken kuɗi na ƙasar a 2018 ya nuna cewa shugabannin aikin sun soke gwajin da aka shirya yi a ma'aikata guda don su cika wa'adi.

Gwamnati ma tana da hujjarta, kuma ba ƙarama ba ce. Ita ke biyan kuɗin, tana da haƙƙin sanin wanda take biya, kuma hanyar gwada-ka-gyara tana buƙatar yarda tsakanin mai gini da mai amfani, abin da babu shi tun bayan taƙaddamar yarjejeniyar 2009. Duk sassaucin da aka roƙa, Abuja tana ganinsa a matsayin ƙofar baya. ASUU kuma tana ganin manhajar a matsayin hanyar ƙwace ikon da dokar 2003 ta ba majalisun gudanarwar jami'o'i. Sai ta gina tata manhajar, UTAS, ta nemi a ɗora ta a kan dukkan jami'o'i, wato ita ma sauyi ne na tashi guda. Hukumar NITDA ta gwada ta, ɓangarorin biyu suka yi ta musu a kan ma'anar sakamakon, ba a kuma taɓa biyan albashin jami'o'in tarayya da ita ba.

Ɗalibai ne suka biya farashin. Yajin aikin 2020 ya ɗauki wata tara, daga Maris zuwa Disamba, kodayake annobar korona ta rufe makarantu a wani ɓangare na lokacin. Na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga 14 ga Fabrairu zuwa 14 ga Oktoba. Batun manhaja ba shi kaɗai ne dalili ba, amma yana cikin manyan buƙatu a duka biyun. A Disambar 2023, Ministan Ilimi Farfesa Tahir Mamman ya sanar da cewa Majalisar Zartaswa ta Tarayya ta cire jami'o'i da kwalejojin kimiyya da fasaha da na ilimi daga IPPIS. Fitar ma ta ɗauki kusan shekara guda: sai a ƙarshen 2024 shirya jerin albashi ya koma hannun ma'ajin kowace jami'a, Sakkwato a ciki, kuɗin kuma suna fitowa ta wata manhajar gwamnatin tarayya, GIFMIS.